Auren Da Ya Kafa Wazircin Sakkwato

A birnin Sakkwato, daura da fadar Sarkin Musulmi, akwai wata tsohuwar unguwa da ake kira Gidadawa. Baƙon da ya ratsa lungunanta ba lalle ne ya ga abin da ya bambanta ta da sauran unguwannin birni ba. Amma tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya hau a cikin shekarar 1817, daga wannan unguwa ake naɗa Wazirin Sakkwato. Turawa sun zo sun tafi, an yi En'e an rushe ta, soja da farar hula sun yi ta karɓa-karɓa, rawanin wazirci kuwa bai bar zuriyar Gidaɗo ɗan Laima ba.

Shi Gidaɗo ba ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba ne. Almajiri ne daga cikin jama'ar Shehu, kuma aminin Muhammadu Bello tun suna samari. A wajen shekarar 1807, ana tsakiyar jihadi, tun ba a ci Alƙalawa ba balle a gina Sakkwato, aka ɗaura masa aure da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793. Ba shi kaɗai ne ya sami irin wannan surukuta ba. Aliyu Jeɗo, shugaban mayaƙa, ya auri wata 'yar Shehu, Malam Mustafa marubuci ya auri Hadiza, daga baya kuma aka kai Maryam gidan Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Daular da aka kafa da wa'azi da takobi, da igiyar aure aka ɗaure ginshiƙanta.

Sa'ad da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a. Malam Abdullahi ƙanen Shehu, wanda shi ne Wazirin farko, ya zauna a Gwandu yana riƙe da yammacin daula, aikin wazirci a Sakkwato kuwa ya koma hannun Gidaɗo. A nan ne hikimar auren ta bayyana. 'Ya'yan Gidaɗo da Asma'u jikokin Shehu ne, amma ta wajen mace. Watau sun kusanci gidan sarauta har a sake musu asirin mulki, amma ba su da hanyar neman gadon sarautar da kansu, domin ta wajen namiji ake bi. Sarkin Musulmi yana iya yin barci da ido ɗaya saboda ƙanensa ko ɗan wansa, amma ba saboda Wazirinsa ba. Shi ya sa Waziri ya zama babba cikin masu zaɓen sarki: wanda ba ya takara shi ya fi dacewa da raba gardama.

Aikin kuwa ba na zaman fada kaɗai ba ne. Waziri ne ƙofar manyan masarautun gabas, musamman Kano da Zazzau. Ta hannunsa wasiƙun sarakuna suke shiga, ta hannunsa amsa take fita, shi ne kuma yake hawa doki ya je ya naɗa sabon sarki ko ya sasanta rikici. Baƙi ma shi ne mai masaukinsu. Bature Clapperton, wanda ya iso Sakkwato a 1824, a hannun Gidaɗo ya sauka, ya kuma yaba kirkinsa a cikin littafin tafiyarsa. Da ya komo zuwa na biyu, a Sakkwato ajali ya same shi a 1827.

Kuskure ne babba a ɗauki Nana Asma'u a matsayin igiyar da ta haɗa gidaje biyu kawai. Malama ce da ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ita ce kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis, watau shugabannin mata masu sanye da malfa, suke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar. Bayan rasuwar Bello a Wurno a 1837, ita da mijinta suka duƙufa ga tattara abin da Shehu da Bello suka bari. Gidaɗo ya rubuta Raudul Jinan a kan Shehu, ya kuma yi wani littafi a kan Bello. Tun daga nan gidan Waziri ya zama ma'ajiyar takardun daula, kuma wanda yake riƙe da takardu da wuya a raba shi da ofis, kamar yadda kowane tsohon akawu ya sani.

A 1842, da Aliyu Babba ɗan Bello ya hau, wazirci ya koma ga Abdulƙadir ɗan Gidaɗo da Asma'u, alhali mahaifinsa yana raye. Sarki ɗan namiji, Waziri ɗan mace: taubasai ne suke riƙe da daula. Daga nan rawanin ya ci gaba da zagayawa tsakanin 'ya'ya da jikoki, har ya iso kan Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu ɗan Gidaɗo, wanda shi ne ya ɗanɗana ɗacin wannan gado fiye da kowa.

Jarrabawarsa ta farko a Kano ta same shi. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Waziri Buhari kuwa yana birnin. Yawancin 'ya'yan sarki da bayin fada sun karkata ga Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi, amma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko da umurni a naɗa Tukur ɗan marigayin, wanda ya nuna jarunta a yaƙin Argungu. Waziri ya cika umurni. Yusufawa suka fice zuwa Takai, aka shiga yaƙin Basasa, jinin Musulmi ya zuba a hannun Musulmi. Yusufu ya rasu ana cikin yaƙin, ƙanensa Alu ya karɓi jagoranci ya ci Kano a 1894, Tukur kuma ya rasa ransa a farkon shekarar da ta biyo. Abin lura shi ne, mahaifiyar Alu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce. Dangantakar da ba ta hana yaƙi ba, ita ce dai ta sauƙaƙa wa Sakkwato karɓar wanda ya yi nasara. Shi kuwa Waziri, da hannunsa aka naɗa rawanin da ya jawo fitinar, ko da yake hukuncin ba nasa ba ne.

Jarrabawa ta biyu ta fi ta farko nauyi. Ran 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka fatattaki rundunar Sakkwato a filin Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya zaɓi hijira, ya nufi gabas da dubban jama'a, aka kashe shi a Burmi a cikin watan Yuli. Waziri Buhari kuwa ya tsaya a Marnona da taron mutanen da ba su san inda za su nufa ba. Bayan shawara da malamai ya komo birni ya sadu da Turawa, a bisa sharaɗin ba za a hana salla da sauran ibada ba, aka naɗa Attahiru na biyu. Zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya nemi fatawa, ya kuma rubuta wata risala zuwa ga ma'abota ilmi yana bayyana dalilansa. Har wa yau ɗalibai suna gardama a kan wa ya fi gaskiya, wanda ya tafi ko wanda ya tsaya. Abin da ba a musu a kansa shi ne, da kowa ya tafi, da ba a sami wanda zai tsaya tsakanin talakawan Sakkwato da sababbin masu mulki ba.

Mai suka zai ce ofishin da aka keɓe wa gida ɗaya ya rufe ƙofa ga sauran masu ilmi, kuma Shehu da kansa ya soki sarakunan Haɓe a kan gadon mulki ba tare da cancanta ba. Wannan magana tana da ƙarfi, Malam Abdullahi na Gwandu ma ya koka tun da wuri a kan yadda son mulki ya fara shiga jama'a. Amsar da gidan Gidaɗo ya iya bayarwa ita ce ta karatu, kuma ba wanda ya ba da ita kamar Waziri Junaidu ɗan Buhari.

An haifi Junaidu a 1906, shekara uku bayan Giginya. Ya yi karatun zaure, ya koyar a Midil ta Sakkwato, aka naɗa shi Waziri a 1948 a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na uku. Ya rubuta Tarihin Fulani da Hausa da littattafai da dama da Larabci, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa. A ɗakin karatunsa ne Murray Last ya sami yawancin takardun da ya gina littafinsa na tarihin daular, wanda ya fito a 1967. A idonsa aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa raba sarakuna da ikon zartarwa. A idonsa kuma aka yi rikicin gadon sarauta na 1988, da cire Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1996, inda ta fito fili cewa maganar ƙarshe ta bar hannun masu zaɓen sarki ta koma gidan gwamnati.

Waziri Junaidu ya rasu a farkon 1997, bayan shekara kusan 49 a kan muƙamin, rawanin kuma ya sauka a kan ɗansa. Hukumar adana tarihi da al'adu ta Jihar Sakkwato da sunansa ake kiranta. Ita kuwa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, kabarinta yana Hubbare kusa da na mahaifinta, 'yar tafiya kaɗan daga Gidadawa.