Yadda Za A Zaɓar Wa Yaro Littafin Koyon Wasan Ces

A watan Afrilu na 2024, wani matashi ɗan Nijeriya, Tunde Onakoya, ya zauna a dandalin Times Square na birnin New York ya yi awa 60 yana buga wasan darar nan da ake kira ces, domin tara kuɗin karatun yara marasa galihu. A watan Disamba na shekarar kuma, Gukesh Dommaraju na ƙasar Indiya ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 18. Irin waɗannan labarai sun sa yaranmu suna tambaya a kan wasan, iyaye kuma suna neman littafin da za su saya musu. To, a nan ne gizo ke saƙar. Littattafan ces suna da yawa, suna da tsada, kuma mafi yawansu manya aka rubuta wa. In aka sayo wanda ya fi ƙarfin yaro, an yi asara biyu: kuɗi ya tafi, yaron kuma ya ɗauka cewa shi ne ba shi da kai, ya watsar da wasan gaba ɗaya.

Wane Irin Wasa Ne?

Ces ya bambanta da darar da muka sani ta gida. Allonsa yana da gidaje 64, mutum biyu ke bugawa, kowa da 'ya'ya 16: sarki, sarauniya, hasumiya biyu, bishop biyu, doki biyu, da dakaru takwas. Kowane iri da tafiyarsa. Wanda ya ritsa sarkin abokin wasansa har ya rasa mafita shi ya ci. Babu ƙuri'a ko sa'a a cikinsa, tunani ne zalla. Asalinsa daga Indiya ne wajen ƙarni na 6, ya bi ta Farisa da ƙasashen Larabawa kafin ya kai Turai. Ko a nan arewa ba baƙo ba ne sosai, domin a shekarun 1930 an rubuta bayanin wani irinsa da ake bugawa a Borno, mai suna tsatsarandi.

A Duba Yaron Kafin A Duba Littafin

Abin da ya kamata uba ko uwa su fara tambaya shi ne: ina yaron ya tsaya? Shekarunsa ba su isa su ba da amsa ba. Ɗan shekara 12 da bai taɓa riƙe doki ba ɗan koyo ne, ɗan shekara 7 kuma yana iya yi masa nisa. Ana iya raba yara kashi uku.

Kashi na farko su ne waɗanda ba su san tafiyar 'ya'yan ba tukuna. Su littafin da ke gabatar da ɗa ɗaya a kowane darasi suke bukata, mai manyan zane da rubutu kaɗan. Misalinsa shi ne Chess for Children na Murray Chandler da Helen Milligan, wanda ya fito a 2004. Akwai kuma tsarin matakai da wasu malamai biyu na ƙasar Holan, Rob Brunia da Cor van Wijgerden, suka fara a 1987, wanda a Turance ake sayar da shi da sunan Steps Method. Matakai shida ne, kowanne da littafin malami da na aikin ɗalibi. A matakin farko ba sa gaggawar koyar da ritsa sarki; sai yaro ya saba da tafiya, da ci, da kāre 'ya'yansa. Sannu ba ta hana zuwa.

Kashi na biyu su ne waɗanda suka san dokoki, amma suna ta zubar da 'ya'yansu a banza, ko kuma su sami galaba su kasa ƙarasa wasa. Maganinsu littafin tambayoyi ne, inda za a zana allo a ce yaro ya nemo tafiyar da za ta ci. Bobby Fischer Teaches Chess, na 1966, ya dace da wannan mataki domin ba ya bukatar yaro ya iya karanta alamomin rubuta wasa. Zane ne da tambaya, amsa kuma a shafi na gaba. Sai dai galibinsa a kan abu ɗaya yake, wato ritsa sarki a layinsa na baya, saboda haka shi kaɗai ba zai wadatar ba. Akwai kuma babban kundin László Polgár na ƙasar Hungari, na 1994, mai ɗauke da tambayoyi da wasanni 5,334. Guda 306 na farko na ritsa sarki ne da tafiya ɗaya, sannan 3,412 na tafiya biyu. Shafinsa ya wuce 1,000, don haka kada a danƙa wa yaro shi duka. A riƙa ware masa biyar ko goma a rana. Wannan malami shi ne mahaifin Judit Polgár, wadda ta kai matsayin babbar gwana a 1991 tana 'yar shekara 15.

Kashi na uku su ne waɗanda suka fara cin sa'o'insu, suna son sanin dalilin kowace tafiya. How to Beat Your Dad at Chess na Murray Chandler, na 1998, ya tara hanyoyi 50 na ritsa sarki. Sunansa da bangonsa kan sa a zaci na ƙananan yara ne, alhali wanda bai ƙware da dokoki ba ba zai amfana da shi ba. Ga ɗan sakandare mai jin Turanci sosai, Logical Chess: Move by Move na Irving Chernev, na 1957, ya bi wasanni 33 yana bayyana kowace tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Hattara Da Tsohon Salon Rubutu

Ga wani tarko da ke jiran masu sayen littattafan gwanjo a bakin titi. Hanyar rubuta wasa iri biyu ce. A ta yanzu, layukan tsaye suna da haruffa daga a zuwa h, na kwance kuma lambobi daga 1 zuwa 8, kowane gida da suna ɗaya tak. Za a ga an rubuta e4 ko Nf3. A tsohuwar hanya, waɗannan tafiye-tafiye biyu P-K4 da N-KB3 ake rubuta su, kuma kowane gida sunansa biyu, ɗaya daga wajen fari, ɗaya daga wajen baƙi. Hukumar ces ta duniya, FIDE, wadda aka kafa a Faris a 1924, ta daina amincewa da tsohuwar hanyar a gasanninta tun 1981. Yaron da ya fara da ita zai sha wahalar koyon abin da ba za a karɓa ba ranar da ya shiga gasa. Littafin Chernev ma da tsohon salo ya fara fitowa, daga baya aka sake buga shi da sabo. Saboda haka a buɗe tsakiyar littafi kafin a biya. In an ga P-K4, a ajiye shi.

Abin Da Za A Duba A Kanti

Ko wanda bai iya wasan ba zai iya gwada littafi cikin minti biyar. Na ɗaya, a ƙirga zanen allo: a littafin yaro ya kamata kusan kowane shafi ya kasance da shi. Na biyu, a duba ko akwai tambayoyi, kuma shafukan amsoshi suna nan ba a yage su ba. Na uku, a duba ingancin bugu, domin a kwafin jabu baƙaƙen 'ya'ya kan narke cikin baƙaƙen gidaje har a kasa rarrabe bishop da dakare. Na huɗu, tun da yawancin littattafan da Turanci suke, a ba yaron ya karanta shafi ɗaya a fili, sannan ya faɗa da Hausa abin da ya gane. In ya kasa, littafin ya yi masa girma a bana.

Akwai kuma waɗanda za a bari sai gaba, wato littattafan buɗe wasa, masu jera tafiya 15 ko 20 don a haddace. Yara suna sonsu saboda suna ganin gajeriyar hanya ce. Amma abokin wasan yaro zai kauce wa abin da ke littafin tun a tafiya ta uku, haddar ta tashi a banza. A farko ka'idoji uku sun ishe shi: ya kama tsakiyar allo, ya fito da dawakai da bishop da wuri, ya kai sarkinsa mafaka.

Littattafan Labari

Wani yaron labari ne ke jawo shi kafin darasi. The Queen of Katwe na Tim Crothers, na 2012, labarin Phiona Mutesi ne, yarinyar da ta tashi cikin talauci a unguwar Katwe ta birnin Kampala har ta wakilci Yuganda a gasar ƙasashe. An mai da shi fim a 2016. Haka kuma an buga labarin Tanitoluwa Adewumi a 2020. Iyayensa sun bar Nijeriya a 2017 saboda barazanar Boko Haram, kuma a 2019, yana ɗan shekara 8, suna zaune a gidan marasa matsuguni, ya ci gasar sa'o'insa ta jihar New York. Waɗannan ba za su koya wa yaro tafiyar doki ba, amma za su sa ya so koyo.

Kada Alkawari Ya Ruɗe Mu

Wasu littattafai suna alkawari a bango cewa ces zai mai da yaro gwanin lissafi. A yi hankali da wannan. Wani bincike da aka fitar a Ingila a 2016, wanda ya shafi makarantun firamare 100 da ɗalibai wajen 4,000, bai ga bambanci a sakamakon jarrabawar lissafi tsakanin waɗanda aka koya wa ces da waɗanda ba a koya wa ba. Abin da wasan ke bayarwa a fili yake: yaro ya zauna ya natsu, ya yi tunani kafin ya miƙa hannu, ya koyi cewa ɗan da ya taɓa shi zai tafiyar, ya sha kaye kuma ya ba abokinsa hannu. Wannan ma riba ce babba.

Daga ƙarshe, ya ku iyaye, littafi ba ya aiki sai da allo a gabansa. In kuɗin bai kai na biyun ba, a zana gidaje 64 a kan kwali, a tabbata farin gida ne a kusurwar dama ta kowane mai wasa, a yi 'ya'ya da murafun kwalba. A sayi littafi ɗaya, a gama shi kafin a nemi wani. Maƙwabta uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su sayi na matakai daban-daban, yara su riƙa musanya. Mafi muhimmanci kuma, wani babba ya zauna da yaron ko da minti 20 ne bayan cin tuwon dare, ya riƙe shafin amsoshi, yaron kuma ya riƙe allo.