Yadda Za Mu Gane Halin Da Ɗalibanmu Ke Ciki



Kullum malami yakan buɗe rajista ya kira suna, yaro ya amsa. To, rajista ta shaida yaro ya zo, amma ba ta san ko ya yi barci jiya ba, ko ya karya kumallo, ko kuwa a daji suka kwana shi da mahaifiyarsa. A ƙasar Sabon Birni da Isa wannan ba ƙaramar magana ba ce. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, jama'a da yawa suka tsallaka jihar Maraɗi. A Disamba na 2021 aka ƙone matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa. Yaran da suka ga irin wannan, ko suka tashi cikin jinsa, su ne ke zaune gabanmu kan tabarma.

Amma ka kira ɗayansu ka ce, "Mi ka damunka?" Zai sunkuyar da kai ya ce, "Ba komi, malam, lahiya lau." Tarbiyyarmu ke nan, yaro ba ya kai kuka gaban babba. Saboda haka sai an sake dabarar tambaya.

Masana sun daɗe da yin haka. A 1997 wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Landan, Robert Goodman, ya fito da takardar tambayoyi 25 da ake kira SDQ. Ya kasa su kashi biyar: damuwar zuciya, rashin jin magana, rashin natsuwa, zama da tsara, da taimakon mutane. Ba a cewa yaro "kana lafiya?" Abu ɗaya ɗaya ake tambaya: ko yana yawan ciwon kai ko ciwon ciki, ko yana saurin firgita, ko yana da aboki ko da guda. Amsa uku ce kawai: ba haka ba ne, da ɗan dama, haka ne sosai. Ɗan shekara 11 zuwa sama shi ke amsawa da kansa, ƙanana kuwa iyaye da malamai ke cike musu. An gwada takardar a ƙasashe da yawa, shi ya sa ta fi ƙiyasin malami cewa wai wane ragon karatu ne.

A nan wajenmu, a ganina, sai an kula. A karanta tambayoyin da ƙarfi, a kuma rubuta su da ajami domin wanda bai iya boko ba. Malama ta zauna da 'yan mata. Kada wanda ke riƙe da bulala a ajin ya zama mai karɓar takardu, domin yara za su ba shi amsar da yake so ne. In halin aji duka ake son sani, ba sai an rubuta suna ba. Kuma kada a sa yaro ya ba da labarin harin da ya gani. Ba wannan ake nema ba, sai dai fama masa ciwo.

Takardar ba ta yanke hukuncin cewa yaro na da cuta, nuni kawai take yi. Shugaban makaranta ya ajiye sakamakon, a maimaita bayan wata shida a kwatanta. In an ga firgita ta yi yawa a aji, a zauna da iyaye, a sassauta duka, a duba lokacin tashi domin masu zuwa daga nesa su isa gida kafin magariba. Yaron da malami ya ga abin ya tsananta gare shi, a shawarci mahaifinsa a asirce ya kai shi asibiti.