Lita nawa motarka ke sha da gaske?

Bayan bidiyon makon jiya, da yawanku kun tambaye ni ko lambar shan mai da ake mannawa a gilashin sabuwar mota gaskiya ce. To, gaskiya ce, amma ta ɗakin gwaji.

A nan Amurka hukumar EPA ce ke kula da ita. Toyota Camry Hybrid LE ta 2018 an ba ta mil 52 a galan ɗaya, wato kusan kilomita 22 a lita. Sai dai a kan na'ura ake gwajin, ba a cunkoson Cross Bronx Expressway ba.

Wani yayana ɗan Maradi da ke tuƙin haya a Bronx ya ci bashi ya sayi irinta, ya ɗora lissafin biyan bashin kan 52 ɗin nan. Sanyin Janairu na shigowa, mai ya fara cinye masa riba. Ya kira ni: "Ƙanena, anya ba a cuce ni ba?" Motar lafiyarta ƙalau. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ma ta ce a sanyin digiri 7 ƙasa da sifili, a gajeriyar tafiya, nisan da irin waɗannan motoci ke yi da galan ɗaya kan ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Injin ba ya hutawa saboda ɗumama cikin mota, batirin kuma sai ya yi kasala.

Ni ban cika yarda da lambar allon gaban direba ba, tana son yabon kanta. Cika tanki, mayar da ma'aunin tafiya sifili, in ka sake cikawa ka raba kilomita da lita. Yi haka sau biyar, sannan ka kwatanta da abin da masu irin motarka suka shigar a Fuelly. Mutanen Kano, ku gwada da AC a watan Afrilu, ku turo min.