Kifin Ado a Ƙaramin Akwati: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Saya

Duk mai sha'awar ajiye kifin ado a akwatin gilashi, a unguwar Zariya yake ko Tibiri ko Jiratawa, ya fara duba abu uku kafin kyan launi ya ruɗe shi: zafin Maraɗi, ɗaukewar wuta, da girman akwatin.

A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, ruwan ƙaramin akwati kuwa zafin ɗaki yake bi. Da zarar ruwa ya yi ɗumi, iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa takan ragu. In aka ɗauke wuta injin hura iska ya tsaya, sai ku ga kifaye sun taso sama suna ta buɗe baki. Saboda haka kifi mai juriya ake nema.

Na farko shi ne betta, ɗan asalin ƙasar Tailan, mai dogayen fukafukai ja ko shuɗi. Allah ya hore masa wata gaɓa da yake leƙowa ya shaƙi iska daga saman ruwa, don haka rashin wuta bai cika galabaitar da shi ba. Lita 20, wato kimanin jarka ɗaya, ta ishe shi. Sai dai mafaɗaci ne: maza biyu ba sa zama akwati ɗaya, sai ɗaya ya yayyaga ɗan'uwansa.

Na biyu guppy, wanda tsawonsa bai wuce santimita 6 ba. Ba ya faɗa, ba ya zaɓen abinci, har 'ya'yan sauro yana ci. Akwatin lita 40 zai ɗauki kamar shida. Macen ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi kusan kowane wata, don haka in ba ku son akwati ya cika, ku sayi maza zalla. Su ne ma suka fi ado. Platy ma halinsa ɗaya da guppy, suna kuma zama tare lafiya.

Jan kifin nan goldfish, wanda ya fi kowanne farin jini, shi ne ya fi wahala a nan. Ruwa mai sanyi yake so, yakan kai santimita 20, ga yawan kashi da ke ɓata ruwa. Haka nan 'ya'yan karfasa da tarwaɗa da yara ke kamowa daga Gulbi da damina. Suna ƙanana gwanin sha'awa, amma cikin 'yan watanni akwatin zai yi musu kaɗan. Karfasa tana tone ƙasan akwati, tarwaɗa kuma duk abin da ya shiga bakinta haɗiye shi take yi. Wurinsu kududdufin kiwo ne.

Wajen saye, ku tsaya ku kalli kifin sosai. Wanda ya maƙale fukafukai, ko yake da fararen ɗigo kamar gishiri a jiki, ba shi da lafiya. In kun iso gida, ku sa ledar da aka zubo kifayen a ciki a kan ruwan akwatin na minti 20 kafin ku sake su, don ɗumin ruwan ya daidaita. Ku fara da biyu ko uku, bayan 'yan makonni ku ƙara.

Ruwan pampo yana da kulorin, sai ya kwana a buɗaɗɗen bokiti kafin a zuba. Kowane mako ku canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, kada ku zubar duka. Abinci kuwa, abin da za su cinye cikin minti biyu ya wadatar, don ragowar ruɓewa take yi ta kashe su. Ku nisanta akwatin da taga mai rana, da hunturu kuma ku lulluɓe shi da dare.

In kifin ya fi ƙarfinku, ku ba wani mai sha'awa. Kada ku zuba shi a Gulbi ko tafkin Madarunfa, domin baƙon kifi yana iya cutar da na gida, wanda masunta ke cin abinci da shi.