Kamfas a Ƙarƙashin Ruwa: Inda Yake Faɗin Gaskiya da Inda Yake Ƙarya

Inugu garin tudu ne, ba ta da teku, amma tun 1916 da layin dogo ya fara kai kwal tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, abincin unguwar Coal Camp yake haɗe da na bakin ruwa. Yau harkar kwal ta kwanta, unguwar ta koma hannun makanikai da masu walda da 'yan kayan gyaran mota. Yaron da hannunsa ya faɗa a walda, in ya ji labarin abin da masu walda a ƙarƙashin ruwa suke samu a kamfanonin mai, dole ransa ya biya. Ga kuma 'yan'uwanmu na Anacha da Fatakwal da suke wuni a bakin kogi. Dominsu za mu yi magana a kan ɗan abin da mai nutso da tukunyar iska yake ɗaurawa a wuyan hannu, wato kamfas.

Ruwanmu ba irin garai-garai ɗin nan na talabijin ba ne. Kogin Neja a Anacha, musamman a Satumba da Oktoba lokacin cikarsa, laka ce tsagwaronta, sai ka miƙa hannu ka kasa ganin yatsunka. Babu rana, babu bishiya, babu hasumiyar masallaci da za ka sa a gaba. A haka mutum zai yi ta kewaya wuri guda, yana iya rantsuwa cewa miƙe yake tafiya, alhali iskar tukunyarsa tana ta raguwa.

Karatun kamfas ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa neman alƙibla da shi. Da'ira ce mai digiri 360: arewa 0, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Daga Inugu alƙibla tana wajen digiri 61. To a ce ka bar jirgi ka nufi 61 ɗin, hanyar komowarka 241 ce. Lambar da ka tafi a kanta, in ba ta kai 180 ba ka ƙara mata 180, in ta wuce ka cire 180. A yi wannan lissafin tun ana kan jirgi, domin a ƙasa sanyi da fargaba sukan sa a kasa haɗa biyu da biyu.

Wajen saye, a bar na jikin darduma da na maƙalin makulli, haka ma na waya. A zurfin mita 10 kacal, matsin da ke kan jiki ya ninka na doron ƙasa, kuma ba don haka aka ƙera su ba. Na nutso cike yake da mai, faifansa yana yawo a ciki a hankali. Ɗaga shi ka duba: in ka ga ƙwan iska babba, ya fara yoyo, mayar wa mai shi. Ka ɗan karkata shi, ka juya jikinka. Mai kyau zai ci gaba da juyawa, na banza kuwa zai maƙale, kuma maƙalallen kamfas ya fi rashinsa haɗari, tunda lamba yake nuna maka kana bi da zuciya ɗaya. Akwai irin su Suunto SK-8 da suke jure karkata har digiri 30. Ka tabbata lambobinsa suna haske a duhu, zoben bakinsa yana juyawa ƙas-ƙas ba ya zamewa da kansa, kuma yana da 'yar taga a gefe.

Riƙo shi ne rabin aikin. Akwai jan layi a fuskar kamfas, shi ne hanyarka, dole ya daidaita da tsakiyar jikinka. Ka miƙa hannu ɗaya gaba, ka kama gwiwar hannun da ɗayan mai kamfas ɗin, ya zauna a kwance a gaban idonka. In ka kauce, jikinka duka za ka juya, ba hannu ba. Nisa kuma da bugun ƙafa ake ƙirga shi: in ka yi 40 a tafiya, wajen 40 za ka yi a komowa, in ruwan a tsaye yake.

Sai dai kamfas yana ƙarya, kuma ba inda ya fi Coal Camp daɗin gane haka. Shiga da shi layin 'yan kayan mota, ka matsa kusa da tarin inji da kaca da gatarin mota, ko injin walda yana aiki, ka ga yadda faifan zai bar arewa ya bi ƙarfe. Maganaɗisu ne a cikinsa, duk ƙarfen da ya kusance shi sai ya ja shi. Wuƙar nutso da tocila da tukunyar ƙarfe ma suna iya ruɗa shi in sun matso. Abin lura a nan, yawancin aikin nutso a ƙasar nan a jikin ƙarfe ake yinsa: bututun mai, gindin jirgi, ƙafar gada.

Ranar 26 ga Mayun 2013 jirgin Jascon-4 ya kife a teku daura da Escravos, ya zauna a zurfin kusan mita 30. Mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya yi kusan awa 60 a wani lungu da iska ta maƙale, shi kaɗai ya tsira. Masu nutson da suka shiga neman gawawwaki suka tarar da shi da rai, a cikin duhu, a jirgin ƙarfe da samansa ya koma ƙasa. A irin wannan wuri kamfas ba shi da ta cewa. Kowanne daga masu nutson yana haɗe da doguwar igiyar da ke kawo masa iska da muryar masu lura da shi daga sama, ita ce kuma hanyar fita. Okene daga baya shi ma ya koyi nutso, ya mai da shi sana'a.

Ƙarya ta biyu ba laifin kamfas ba ce. Yana nuna inda ka fuskanta ne, ba ya gaya maka ruwa ya tafi da kai gefe. A Anacha kogin kudu yake gangarawa kullum, sai ka ɗan karkata wajen inda yake fitowa, ka kuma fara tafiyarka da fuskantar ruwan, don ya taimake ka a komowa lokacin da ka gaji. A Fatakwal abin ya fi rikici, domin kogin Bonny yana bin cika da janyewar teku, kusan duk awa shida sai ya sauya. Wanda ya riƙe cewa ruwa ta damansa yake bugowa, bai duba kamfas ba, yana iya fitowa nesa da jirginsa.

Koyon farko a tudu ake yinsa. Je filin ƙwallo da aboki, ka ajiye dutse, ka lulluɓe kanka da tawul yadda kamfas kawai kake gani. Yi taku 30, ka juya da lissafin 180, ka dawo, ka ga tazarar da ke tsakaninka da dutsen. Shiga ruwa da tukunya kuwa sai a gaban malami, domin riƙe numfashi yayin tasowa yana iya fasa huhu. Cibiyar horon aikin mai ta PTI da ke Effurun kusa da Warri tana koyar da nutso na sana'a. Kafin nan da bayan nan, ba a sauka a ruwan laka sai da igiya a ƙugu da mutum a sama yana riƙe da ita, kun kuma riga kun yi magana a kan ja nawa ne ke nufin a fito da kai.