Tabbat Haƙiƙa: Waƙar Da Ta Bi Ta Hannun Uba Da 'Ya'yansa Biyu

Garin Sifawa da ke cikin Ƙaramar Hukumar Bodinga shi ne mazaunin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kafin ya koma Sakkwato a 1815. A nan ne, wajen shekarar 1812, ya tsara wata waƙa da Fulatanci wadda ta shahara a ƙasar Hausa da sunan Tabbat Haƙiƙa.

A lokacin an riga an ci Alƙalawa tun 1808, mulki ya dawo hannun jama'ar Shehu. Sai dai samun iko ya zo da nasa ciwo, domin waɗansu daga cikin sababbin shugabanni sun fara ɗaukar halayen da aka yi jihadi don kawar da su. Wannan abu ya dami Shehu da ƙanensa Malam Abdullahi, wanda shi ma ya zauna a Bodinga. Saboda haka gargaɗin waƙar a kan na gida ya faɗa. Ta ja kunnen mai mulki da ke zalunci, da alƙalin da ke karkata shari'a, da mai cin dukiyar talaka, ta kuma tuna wa mabiya nasu haƙƙin. Kowane baiti yana ƙarewa da kalmomin nan biyu da suka zama sunanta.

Bayan rasuwar Shehu a 1817, waƙar ta sami sabuwar riga. A wajen 1831, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Nana Asma'u ta juya ta zuwa Hausa, don talakawan da ba su jin Fulatanci su san iyakar da aka gindaya wa masu mulkinsu. Ƙanenta Isa kuma ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu, ba tare da ya rushe ma'anar asali ba. Baitocin ƙarshe sun ambaci aikin kowannensu, ba wanda ya ci haƙƙin wani. Daga nan almajirai da mata masu neman ilimi suka haddace ta, kowa da irin muryar da yake rera ta.

Shagari ma tana da hannu wajen raya wannan gado. Ɗanta Alhaji Shehu Shagari, mai Waƙar Nijeriya ta 1948, ya haɗu da Jean Boyd suka wallafa littafi kan shugabancin Shehu a 1978, shekara guda kafin ya zama Shugaban Ƙasa. Ita Boyd ɗin ce, tare da Beverly Mack, ta fitar da waƙar da Ingilishi a 1997 cikin kundin ayyukan Asma'u.

Ma'aikacin da aka damƙa wa amanar jama'a, da ɗalibin da zai gaje shi gobe, su sani da su waƙar take magana.