Ko Ya Kamata A Kulle Kare Cikin Keji Da Dare?

Mai sauraron da ya tashi a Kano, ko Damagaram, ko zangon Kumasi, ya san cewa dare shi ne lokacin aikin kare. In an yi barci shi ke kewaya gida, shi ke haushi in ya ji motsin da bai yarda da shi ba. Saboda haka zai yi mamaki in ya ji cewa a Amurka da Ingila akwai gidaje da dama inda a kan sa kare cikin keji na waya a ɗaki, a rufe shi, sai gari ya waye. Karnukan nan ba na gadi ba ne, ba na farauta ba. Na zaman gida ne, a cikin ɗaki su ke kwana tare da iyali. Turawa kuwa ba su zama baki ɗaya a kan wannan al'ada ba, gama abin da likitocin dabbobi da yawa a Amurka su ke koya wa masu karnuka, a ƙasar Suwidin doka ta hana shi.

Babbar hujjar masu keji ita ce wai kare dabbar rami ce. Su kan ce kakansa kyarkeci a kogo ya ke kwana, don haka matsattsen wuri mai duhu shi ne abin da ransa ke so. Masana halin dabbobi sun bincika wannan magana, suka tarar rabinta ne kaɗai gaskiya. Kyarkeci ba ya neman rami sai lokacin haihuwa. Uwar ta kan haifi 'ya'yanta a ciki, su yi wajen mako 8, sa'an nan a bar wurin. Manya a fili su ke kwana, ko da sanyi. Haka kuma an yi ta lura da karnukan da ba su da ubangiji, kuma a 2016 waɗansu masana na wata cibiyar kimiyya a Kalkata, ƙasar Indiya, suka buga abin da suka gani game da karnukan titi. Karya mai ciki ce ke neman maɓuya, ta kan kuma zaɓi wuri kusa da mutane. Abin lura a nan shi ne ramin daji ba shi da ƙofa, balle sakata.

Sai kuma yadda kare ke barci, wanda ya bambanta ƙwarai da na ɗan Adam. Mutum ya kan kwanta ya yi sa'a bakwai ko takwas kusan a jere. A shekarar 1993 masana biyu a Ostiraliya, Adams da Johnson, suka zauna suna kallon karnuka dare bayan dare. Suka ga a cikin sa'a 8 kare ya kan yi barci ya farka wajen sau 23, watau barcin minti 16, farkawa ta minti 5, sa'an nan ya koma. In ya farka ya kan tashi, ya yi miƙa, ya sāke kwanciya, wani lokaci ya sāke wuri ɗungum. Sāke wurin nan ba banza ba ne. Zafin jikin kare ya fi na mutum, digiri 38 zuwa 39 ne bisa ma'aunin Santigiret, kuma ba ya gumi a jiki kamar mutum, sai kaɗan a tafin ƙafa. Da haki ya ke rage zafi, da kuma neman daɓe mai sanyi ya shimfiɗa cikinsa. Wanda aka kulle cikin keji bisa katifa ba shi da wannan dama, in ɗakin ya yi ɗumi sai haƙuri.

Amma keji yana da amfaninsa, kuma amfanin daga halin karen ya fito. Tun kwikwiyo yana da kamar mako uku ya kan soma rarrafawa ya bar makwancinsa kafin ya yi fitsari, domin ba ya son ɓata inda ya ke kwana. Masu horon karnuka da wannan su ke aiki. In aka sa kwikwiyo a ƙaramin wuri da dare zai riƙe, ya yi kuka, a fitar da shi waje, ta haka ya koyi inda ya kamata ya yi. Sai dai mafitsararsa ƙarama ce. Ƙiyasin da a kan bayar shi ne sa'a ɗaya ga kowane wata ɗaya na haihuwarsa, watau ɗan wata uku ba zai wuce kamar sa'a uku ba. Mai gidan da ya rufe shi ya yi barcinsa har safe ya koya masa kwana cikin ƙazanta ke nan, akasin abin da ya nufa. Har wa yau kwikwiyo mai fitar da haƙora ya kan tauna duk abin da ya samu, har wayar lantarki, ya kan kuma haɗiye safa ko tsumma, abin da kan kai ga likita ya tsaga cikinsa. Ga irin wannan, da kare mai jiyyar karaya, da wanda za a yi tafiya da shi a mota ko jirgin sama, tsarewa kariya ce.

Akwai kuma karen da keji ke cuta ƙwarai, shi ne mai tsoron kaɗaici. In aka rufe shi sai ya firgita, ya yi ta dalala, ya ciji waya har haƙori ya karye, ya tona ƙasan kejin har farata su yi jini. Kulle irin wannan ba ya warkad da tsoron, ƙara shi ya ke yi.

Dokokin ƙasashe sun bi wannan saɓani. A Suwidin ba a yarda a ajiye kare cikin rufaffen keji a gida ba, sai don tafiya, ko wurin nunin karnuka, da makamantansu. Finlan ma kusan haka ta ke. A Ingila dokar kula da dabbobi ta 2006 ba ta hana keji ba, amma ta ɗora wa mai dabba nauyin ba ta mazauni mai dacewa da damar yin halinta na asali. Ƙungiyar RSPCA mai hana zaluntar dabbobi, wadda aka kafa tun 1824, tana cewa lalle keji ya isa kare ya tsaya, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu, kada a mai da shi wurin horo, kada kuma a bar kare shi kaɗai fiye da sa'a huɗu. A nan ne lissafi ke kama mutane da yawa. Wanda ya rufe karensa sa'a takwas yana wurin aiki, ya dawo ya rufe shi sa'a takwas da dare, ya tsare shi sa'a 16 cikin 24, ko da yake shi a ganinsa kwana kawai ya sa shi.

Waɗansu su kan ce don barcin kansu su ke yi, kada kare ya dame su. A 2017 likitocin Mayo Clinic a Amurka suka ɗaura wa mutum 40 da karnukansu 'yar na'ura mai auna motsi har kwana bakwai. Waɗanda karensu ya kwana a ɗakin amma ba bisa gado ba sun yi barci kashi 83 cikin ɗari na lokacin da suka yi a kwance, waɗanda ya hau musu gado kuwa kashi 80. Bambancin kaɗan ne, kuma hana shi gado ya isa.

Ga babban kare mai lafiya, wanda ya daina tauna kaya, ya kuma koyi fita waje, gwajin da masu horo su kan ba da shawara mai sauƙi ne. A bar kejin inda ya ke, da shimfiɗarsa da ruwansa, a rufe ɗakin girki da inda wayoyi su ke, a ɗaure ƙofar kejin a buɗe, a duba da safe a ga inda ya kwana. Waɗansu a kan same su a ciki, waɗansu a bakin ƙofar ɗakin mai gida.